Na ɗaure dashen mangwarona da waya a jikin rodi, hadarin jiya ya karya min uku

Abban Sadik:
Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da safiya, ya aka ji da ruwan jiya. Dan Allah shawara nake nema kuma wlh cikin takaici nake rubutun nan. Bara cikin watan Yuli na dasa mangwaro mai aure (wanda aka haɗa wa reshen iri mai kyau a kan gindin ɗan gargajiya) guda 12 a ɗan filina da ke bayan gari, kowanne na kafa masa rodi dogo daf da gindinsa na ɗaure shi da bandin waya wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, don ina so su miƙe sak. Duk ranin nan ni ke jigilar ruwa a jarka a kan mashin, azumi ma ban fasa ba. To jiya da magariba hadarin nan da ya taso daga gabas da iska, yau da safe na je na tarar uku sun karye, kuma abin da ya ɗaure min kai daidai inda na ɗaura wayar sama suka ɓalle kamar an sa wuƙa. Sauran 9 ɗin da na duba waya ta shige cikin ɓawo, saman wajen ya kumbura. Maƙwabcina da muka dasa rana ɗaya ko tsinke bai kafa wa nasa ba, amma ko ɗaya bai faɗi ba. Ni da na fi shan wahala ni na yi asara. Ina kuskuren yake, kuma sauran za su yi rai kuwa?

Maman Ilham:
Wa'alaikumus salam. Ayya sannu Abban Sadik, Allah ya mayar da alheri. Jigilar ruwan ranin nan ita ta fi ba ni tausayi wlh

Sarkin Tsokana:
Malam dashe ka yi ko gini? Rodi da bandin waya, saura siminti da tsakuwa ka zuba dekin kawai hhhh

Abban Sadik:
Kai dai bari. Ragowar kayan aikin gini ne suna ajiye, na ga gara ba ta cin ƙarfe shi ya sa na ce na huta.

Baba Mai Lambu:
Ɗana sannu da haƙuri. Kafin a shiga dogon bayani ka nemi filaya ka koma filin nan yau ɗin nan, kar ka ce sai gobe, ka yanke duk wayar da ke jikin bishiyun nan. Inda ta fita salin alin ka zare ta. Inda ta nutse har ɓawo ya fara rufe ta kar ka sa wuƙa kana ƙwaƙule, sai ka ƙara mata ciwo, ka datse ta ta inda take a fili da wajen murɗin, zoben dai ya tsinke ya daina shaƙe ta, guntun da ya maƙale ka bar shi bishiya za ta haɗiye abinta. Kumburin da ka gani a sama abinci ne ya taru. Ganye shi ke dafa abinci, ta ƙarƙashin ɓawo yake gangarawa ya je wa saiwa, kai kuma ka sa waya ka tare hanya, abincin ya tsaya a sama saiwa na ƙasa da yunwa. Kullum jikin na ƙara kauri waya ba ta buɗewa, wurin ya zama wuya siriri, iska na zuwa ta ina kake so ya karye in ba ta nan ba. Kuma kar wani ya ce ka shafa fenti ko baƙin mai a ciwon, bar shi ya sha iska zai rufe da kansa.

Abban Sadik:
Na gode Baba Allah ya ƙara girma. To rodin fa, in cire shi gaba ɗaya?

Baba Mai Lambu:
Za ka cire amma ba haka kai tsaye ba, jira in yi sallar walaha in dawo

Alhaji Na Kasuwa:
Ni fa a nan ban yarda a ɗora wa ɗauri laifi ba. Wayar ce matsala, shi kenan. Amma batun wai maƙwabci bai kafa komai ba nasa suka tsira sa'a ce kawai. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ka bar shi ya tashi a karkace haka zai tsufa. Ni turaren da na dasa a bakin gidan gonata sai da na ɗaure kowanne tamau da igiya tun daga ƙasa har sama, ga su nan sun miƙe kamar falwaya.

Malamin Gandun Daji:
Ranka ya daɗe Alhaji, karin maganar gaskiya ce amma tarbiyyar yara aka yi ta dominta. Kuma turare ko ba ka taɓa shi ba miƙewa halinsa ne, da ka bar biyu ba ɗauri ka gwada da ka ga sun fi sauran kauri a gindi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne kaɗawar da iska ke wa ƙaramar bishiya ita ke sa ta yin ƙwari. Duk lokacin da ta lanƙwasa ta dawo, sai ta rage gudun tsawo ta ƙara kauri a gindi, saiwa kuma ta ƙara kama ƙasa ta ɓangaren da ake jan ta. Shi ya sa lafiyayyar bishiya za ka ga gindinta da kauri tana sirancewa zuwa sama kamar bulala. Wadda aka ɗaure ba ta motsi kuwa sai ta zuba ƙarfinta a tsawo da ganye, ƙasa da sama kaurinsu ɗaya kamar karan dawa, rodi ne ke ɗauke da ita. Ranar da iska ta fi ƙarfin ɗaurin, ko aka kwance, sai ta kife ko ta ɓalle.
Ba yau aka gano wannan ba. Tun 1803 wani Bature a Ingila mai suna Thomas Knight ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi da ƙananan itatuwan tuffa, ya ɗaure wasu ya bar wasu suna kaɗawa, ya tarar inda ke motsi ne ke yin kauri. A 1954 kuma wani masanin daji a Ostireliya, Jacobs, ya fitar da sakamakon nasa gwajin, ya ɗaɗɗaure itatuwa da igiyoyin ƙarfe ya hana su kaɗawa, suka yi tsawo ba kauri, da aka kwance bayan wasu shekaru sai suka kasa tsayuwa gaban iska. Abin da ya faru a filin Abban Sadik kenan, maƙwabcinsa ba sa'a ya ci ba, iska ce ta yi masa reno shekara guda kyauta.

Alhaji Na Kasuwa:
To Malam wato kenan duk turken da muke kafawa aikin banza muke yi?

Malamin Gandun Daji:
A'a ranka ya daɗe ba haka nake nufi ba. Akwai dashen da dole sai da tallafi, wanda ya yi tsawo a leda ba ya iya tsayuwa da kansa, ko mai ganye da yawa a sama saiwa kaɗan, ko wanda aka dasa a rairayi ko fili fetal da iska ke bugawa kai tsaye. Amma aikin turke shi ne ya riƙe gindi kar dunƙulen saiwa ya riƙa girgiza a cikin rami, domin sabbin saiwoyin nan sirara ne kamar gashi, girgiza kaɗan ke tsinka su. Saman kuwa a bar shi ya yi ta rawa. Dashen da bai wuce gwiwa ko ƙugu ba kuma yana tsaye da ƙafarsa, bai buƙatar komai sai ruwa da kariya daga dabbobi.

Hajiya Mai Zogale:
Yauwa Malam ka zo inda nake jira. Ni a unguwarmu iska ba ta taɓa kashe min dashe ba, awaki ne. Na dasa darbejiya biyu a ƙofar gida na kafa musu sanduna masu kyau, akuyar maƙwabta ta zo ta ɗora ƙafa a kan sandar ta miƙe ta cinye kan tas, wato ma tsani na yi mata. Sannan yara masu dawowa daga makaranta kowa ya wuce sai ya girgiza. Sai da na sa aka jera min bulo aka bar ƙofofi sannan na samu lafiya

Maman Ilham:
Hajiya wlh kamar kin san abin da ke raina, ni buhu na zagaya da shi da sanduna huɗu amma cikin sati biyu suka yage shi

Baba Mai Lambu:
Na dawo. Hajiya bulo yana da kyau amma a bar ramuka sosai, in aka toshe shi kamar rijiya zafi ke dafa dashen a watan Afrilu, sannan ya yi ta zuƙewa sama yana neman haske ya fito siriri, ka ga an koma gidan jiya. Mu a lambu ƙayar magarya ko ta bagaruwa muke zagayawa da ita, da ɗan nisa yadda akuya ko ta miƙa wuya ba za ta kai ba, iska kuma na ratsawa.
Ɗana Abban Sadik ga yadda za ka yi. Yanzu bishiyun nan naka sun saba da jingina, in ka zare rodi ka tafi a farkon daminar nan da hadari ke zuwa da hauka, na gaba zai kwantar da su duka. Ka samo sanduna biyu biyu masu kauri kamar ƙotar fartanya. Ka kafa su nesa da gindi kamar kamu ɗaya kowane gefe, ba a jikin saiwa ba, ka buga su shiga ƙasa sosai har ka ji ba sa motsi. Sannan ka kwance bishiyar ka kama jikinta da hannu daga ƙasa kana tafiya sama a hankali, inda ka kai ka ga kanta ya tsaya bai langaɓe ba, ka ƙara rabin taƙi, to nan ne wurin ɗauri, wuri ɗaya tak ba uku ba. Yawanci ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, in ta yi laushi sosai ya kai rabi. Abin ɗauri kuma robar nan ta tib da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya, a yanka ta da faɗi kamar yatsu biyu ko uku, ko tsumman atamfa mai faɗi. Ka zagayo jikin bishiyar ka harɗe robar a tsakani kamar lamba 8 sannan ka ƙulle a jikin sanda, ƙullin a sanda yake ba a bishiya ba. Ka bar sako sako yadda yatsunka biyu za su shiga. In sandar ta wuce wurin ɗauri da tsawo ka sare kan, kar ta riƙa gogar rassa. Rodin kuma ka bari ƙasa ta jiƙe ka murɗa shi a hankali ka zare, ka cike ramin da ƙasa.

Abban Sadik:
Baba wannan ai karatu ne guda, na kwafe shi na ajiye. Tambaya ɗaya, sandunan biyu ta wane gefe da wane gefe, ko duk ɗaya ne?

Baba Mai Lambu:
Ba ɗaya ba ne. Iskar da ke karya itace a ƙasar nan ta hadari ce kuma daga gabas take zuwa, to ɗaya kudu ɗaya arewa, bishiya ta riƙa kai da komowa gabas da yamma a tsakaninsu ba ta bugi ko ɗaya ba. In sanda ɗaya gare ka ka sa ta gabas, iska ta ture bishiyar ta bar jikin sandar, in ka sa ta yamma goga za su yi ta yi har ɓawo ya saɓule.

Basakkwace:
Baba Allah shi ƙara lahiya, amma hunturu hwa? Mu nan iskan hunturu daga arewa maso gabas yaka busowa wata ukku ba hutu, ina ganin shi ma a lissahwa da shi

Baba Mai Lambu:
Hunturu busar da dashe yake yi ba karya shi ba, maganinsa ruwa da ciyawa a gindi. Kuma in an bi ƙa'ida kafin hunturu ya kankama ai an cire turken ma.

Mai Rainon Dashe:
Salam, ina ta karantawa ina jiran a zo kanmu masu saida dashe don na san za a zo hhh. Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da a kaina ne. Ɗan karan gora da kuke gani mun ɗaura a jikin dashe a leda na reno ne da ɗauko kaya a mota, ba na zama ba ne, ranar da aka dasa ranar ake cire shi, amma sai ka je gidan mutum bayan shekara ka tarar yana nan da zaren da muka ɗaure har ya nutse. Haka ledar da muke naɗe wajen aure da ita, in auren ya kama ana warware ta, ita ma shaƙewa take. Na biyu kuma ku masu saye ku ke jawo wa kanku, kowa ya zo dogo yake nema, wai wanda ya kusa haihuwa. Dogon nan ya daɗe a leda ne, mun jera su a matse suna rige rigen haske shi ya sa ya yi tsawo ba jiki, saiwarsa kuma ta naɗe a gindin leda kamar gammo. In ka dasa shi haka ko shekara nawa ya yi saiwar zagaye take ba ta bazu ba, irinsa ne iska ke tumɓukewa gaba ɗaya. Gajere mai kauri a gindi ya fi, ga arha, cikin shekara biyu zai wuce dogon. Amma in na faɗa wa mai saye sai ya ga kamar so nake in ɓoye mai kyau.

Maman Ilham:
Allah sarki, ni ce nan mai zaɓen dogo. To in an riga an saya saiwar ta naɗe fa?

Mai Rainon Dashe:
Anti ki yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi kamar kaurin yatsa, ya tafi da naɗaɗɗiyar saiwar, ki tsaga ledar ta gefe ki cire ta duka, na gefen da suka zagaye ki warware su da yatsa a hankali. Kar ki binne ya wuce inda ƙasar leda ta tsaya, wajen aure kuma ya zauna a sama sosai.

Abban Sadik:
Ai ni ma dogayen na tsince wlh, har da ƙarin kuɗi. Yau dai na ga ta kaina

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina gaida Baba da Malam. Zancen nan ya tuna min da abin da muka gani nan wajenmu. Shekaru da dama ana kawo dashe daga pepiniyar, wato wurin rainon dashe, ana shukawa ana kafa itace ana ɗaurewa, mafi yawa ba su kai baɗi. Daga 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da manoman jihar Maraɗi suka kama wata hanya da muke kira sassaben zamani, wato kututturen da ke tohowa cikin gona ba a sare shi duka, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari a rage sauran. Yanzu ana maganar hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 tsakanin Maraɗi da Damagaram, ku je wajen Matamaye da Magarya ku ga gawo cikin gonaki. Ba wanda ya kafa ma ko ɗaya turke, don saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa tun kakanni. Amma ko a nan akwai kuskuren da ake yi mai kama da naku, mutum ya aske rassan gefe duka har sama ya bar ɗan tukku, sai iska ko saniya ta karya shi. Ana koya muna a tsaya wajen rabin tsawo. Ban ce a bar dashe ba, mangwaro mai aure ba ya tohowa daga kututturen sabara, kuma bedin da aka jera don tare iska a kwarin Majiya cikin jihar Tawa tun 1975 ai dasa shi aka yi. Ina dai cewa ƙarfin icce ƙasa yake.

Malamin Gandun Daji:
Madalla da Ɗan Maraɗi, batun askin nan ya shafi mangwaron Abban Sadik ma. Ƙananan rassan da ke fitowa a jiki, matuƙar saman aure suke, kar a yi gaggawar cire su a shekarar farko da ta biyu, su ke ciyar da jikin ya yi kauri kuma suna kare ɓawo daga rana. In sun yi tsawo a ɗan datse bakinsu. Na ƙasan aure ne ake cirewa da an gan su.

Sarkin Tsokana:
Tsaya tukuna, bedi kuma mene ne? Hajiya ta ce darbejiya kai ka ce bedi

Basakkwace:
Dogon yaro na, kai Bakano

Hajiya Mai Zogale:
Wasu ma maina suke cewa, bishiya ɗaya suna kamar na ɗan fari

Alhaji Na Kasuwa:
To na ji bayanin Malam kuma zan gwada a sabon layin da zan dasa bana, rabi da ɗauri rabi babu, gani ya kori ji. Amma ku ba ni amsar gara. Sandar itace a gonata ba ta wata uku gara ta cinye, shi ya sa nake tsoma gindin a baƙin mai kafin in kafa. Kuma shi ya sa ban ga laifin mai rodi ba.

Malamin Gandun Daji:
Rodi a kansa ba haram ba ne Alhaji in an kafa shi nesa aka ɗaure da roba, illarsa yana ɗaukar zafin rana, in yana manne da ɗanyen ɓawo a bazara ƙona shi yake, ga kaushin jikinsa kamar magagari. Babbar illar kuma tunda ba ya ruɓewa mantawa ake da shi, na sha ganin bishiya ta haɗiye rodi, ranar da mai zarto ya zo yanka ya gamu da shi. Baƙin mai kuwa dan Allah a bari, guba ne a ƙasa kuma kusa da abin da za a ci 'ya'yansa. A babbaka gindin sandar a wuta ya yi baƙi, ko a nemi busasshen reshen darbejiya, yana ɗan jurewa. Gaskiyarka ta wani gefen, turare gara na son ƙaraminsa sosai musamman in ƙishirwa ta kama shi, to a nan a riƙa dubawa, da an ga ta hau sanda a kakkaɓe ko a canza.

Baba Mai Lambu:
Ni kuwa ba na faɗa da garar da ta ci turke bayan wata biyar ko shida, ta tuna min abin da na manta ne. Turke ba abokin zama ba ne, damina ɗaya ce aikinsa, in ya daɗe ƙwarai shekara. Yadda za ka gane, ka kwance ka kama jikin ka ɗan girgiza kana kallon ƙasar gindi, in ƙasa na ɗagawa ko tana tsagewa saiwa ba ta kama ba ka mayar, in jikin ne kawai ke lanƙwasa ƙasa shiru to ta yaye. Abu ɗaya, kar ku kafa ɗanyen reshe. Akwai shekarar da yarona ya saro ɗanyen zogale ya kafa wa lemun tsami, muka dawo zogale ya yi saiwa ya fi mutum tsawo ya shanye ruwan lemun. Cediya da bini da zugu da aduruku duk haka suke, ka soka su a jiƙaƙƙiyar ƙasa sun kama.

Hajiya Mai Zogale:
Hhhh Baba ai riba ya ci, ga lemo ga miya. Tunda an taɓo zogale, masu ɗaure shi da sanda don ya yi tsawo yana lanƙwasa ku daina wahala, ku datse kansa tun yana kai ƙugu ya yi rassa, ganyen ma ya fi yawa kuma hannu na kaiwa.

Maman Ilham:
Baba to gwanda da ayaba fa, tawa gwandar ta ɗauki 'ya'ya ta fara karkata wajen katanga

Baba Mai Lambu:
Wannan daban ne 'yata, tokari ne ba turke ba. Ki samu gwafa ki naɗa tsumma a bakinta ki tokare ta ta gefen da ta karkata, ƙasan 'ya'yan kaɗan. Gwanda cikinta rami ne ayaba kuma ba itace ba ce, ba za su yi ƙwarin da za su ɗauki nauyin da kansu ba, in an sauke kaya a cire gwafar. Ki duba kuma ko inuwar wani abu ce ke sa ta gudu.

Abban Sadik:
Jama'a ban manta da ukun da suka karye ba fa, in tone su in sa wasu?

Mai Rainon Dashe:
Da son kasuwa ne sai in ce ka zo ka sayi sabbi, amma kar ka tone. Duba wajen auren, in karayar sama da shi take ka samu wuƙa mai kaifi ka gyara yankan ƙasa da inda ya tsage, a ɗan jirge yadda ruwa ba zai zauna ba, cikin 'yan makonni zai toho. Saiwar shekara guda ke gare shi, zai tsere wa sabon dashe nesa. Ka zaɓi toho mai ƙarfi na saman aure ka bari. In kuma ta ƙasan aure ya karye shi ma bar shi ya toho, amma ɗan gargajiya ne zai fito mai zare, in ya kai kaurin fensir sai a sake masa aure.

Malamin Gandun Daji:
Ƙari kaɗan, in kana zuba musu yuriya ka sassauta bana, ita ke sa ganye ya yi yawa jiki ya yi laushi, kan ya yi nauyi iska ta samu abin kamawa. Takin gargajiya da ya ruɓe ya wadatar. Ban ruwan rani kuma maimakon ɗan kaɗan kullum, ka zuba da yawa ya nutse sannan ka ba da 'yan kwanaki, saiwa ta bi danshi ƙasa. Jigilar ma ta ragu maka.

Abban Sadik:
Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana huɗu. Na cire waya duka, biyu ne ta nutse sosai na datse na bar guntun kamar yadda Baba ya ce. Da na kwance su wlh sai da gabana ya faɗi, shida suka sunkuya kamar masu ruku'u, uku ne kawai suka tsaya da kansu kuma su ne gajerun da na raina ranar saye, su yanzu ban sake kafa musu komai ba. Shidan na yi musu sanduna biyu biyu kudu da arewa da robar tib, wajen mai faci na samo ya ba ni kyauta. Ukun da suka karye duk sama da aure ne alhamdulillah, na gyara yankan. Daren jiya an yi wani hadarin da iska, da asuba na je ba wanda ya faɗi, ɗaya ne robar ta zame ƙasa.

Baba Mai Lambu:
Madalla. Wadda ta zame ka ɗan sassaƙa gurbi a jikin sandar ko ka buga ƙaramar ƙusa, a sandar fa ba a bishiya ba. Duk wata ka sa yatsa ka ji ko ta matse, roba na tsagewa a rana, in ta mutu ka canza. Yadda suka ƙara ƙwari ka riƙa sauko da ɗaurin ƙasa kaɗan kaɗan. In an fara yankan gero ka yi gwajin girgizan nan.

Abban Sadik:
In sha Allah Baba, na ma sa tuni a waya farkon Oktoba don kar in sake mantawa.

Sarkin Tsokana:
To rodi 12 ɗin nan fa Malam, in ba ka da abin yi da su ina da ginin bayi da ya tsaya

Abban Sadik:
Makara ka yi, Maman Ilham ta riga ka, za a kai wa mai walda ya yi mata keji biyu saboda awaki

Maman Ilham:
Baba faɗin kejin nawa zan ce masa?

Baba Mai Lambu:
Taku ɗaya babba daga gefe zuwa gefe, tsawo ya kai ƙirjinki, kuma ya yi masa ƙofa ko ya bar gefe ɗaya a ɗaure da waya yadda za a iya buɗewa a fitar da shi in bishiyar ta girma.